Bayan an fito tudu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ku ara mini hankalinku. Labarin wani yaƙin teku zan ba ku. Ba a ƙasarmu aka yi shi ba, ba kuma a zamaninmu ba, amma tun da na san shi ya ƙi sakin zuciyata.

Ranar 31 ga Mayu, 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin ruwan Birtaniya da na Jamus suka yi gaba da gaba a Tekun Arewa, daura da gaɓar Jutland ta ƙasar Denmak. Jiragen yaƙi wajen 250, mutane kimanin 100,000. Jellicoe ke jan rundunar Birtaniya, Scheer ke jan ta Jamus. Da rana aka fara, aka kai dare, aka kwana ana ɓarin wuta. Da ƙura ta lafa, Birtaniya ta rasa jirage 14 da mutum 6,094, Jamus ta rasa jirage 11 da mutum 2,551. Kowane ɓangare ya koma gida yana cewa shi ya yi nasara.

A cikin jiragen Birtaniya akwai wani mai suna Invincible, wato wanda ba a iya cinsa da yaƙi, Gagarau ke nan a bakinmu. Ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, mutanen cikinsa sun fi dubu, unguwa guda ce ke tafiya a kan ruwa. Da yammacin ranar harsashin igwar Jamus ya faɗa ɗakin igwarsa na tsakiya, wuta ta gangara rumbun albarushi, jirgin ya rabe gida biyu. Cikin daƙiƙa 90 an gama. Ko alwala mutum bai isa ya idar ba a wannan ɗan lokaci. Mutum 1,026 suka tafi, har da kwamandansu Hood, shida kaɗai aka tsamo da rai. Da yake wurin ba shi da zurfi sosai, gaban jirgin da bayansa suka tsaya cirko-cirko a saman ruwa kamar alamar kabari, sauran jirage suna wucewa suna gani. Kafin shi, a wannan yinin, Queen Mary ya tarwatse da mutum 1,266.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 78: "Duk inda kuka kasance mutuwa za ta riske ku, ko da kuna cikin ganuwoyi masu ƙarfi." Na sha karanta wannan aya ina tunanin katanga da soro. Ban taɓa kawo ganuwar ƙarfe mai yawo a teku a raina ba sai yanzu.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne dalilin fashewar. A irin waɗannan jirage albarushi can ƙasa yake a rumbunsa, ana hawo da shi kaɗan-kaɗan zuwa bakin igwa, kuma a tsakani akwai ƙofofi da aka yi musamman don su tare harshen wuta. To, sojojin Birtaniya sun ɗauki saurin harbi da muhimmanci ƙwarai. Don kada a ɓata lokaci, sai aka riƙa jibge albarushi a kan hanya, ana barin ƙofofin a buɗe. Harsashin abokin gaba tartsatsi kawai ya kawo. Abin da ya raba jirgin biyu, a cikinsa aka tara shi, da hannun masu jirgin. Ɗan'uwa, ka tsaya a nan ka dubi kanka. Ƙofa nawa ka bari a buɗe saboda sauri? Sallar Asuba da ka mayar ta bayan fitowar rana don ka kwana kana latsa waya. Kuɗin da ka san ba naka ba ne ka ce bari dai ka juya su tukuna. Hirar da ka san inda za ta kai ka, ka ce ai gaisuwa ce kawai.

A jirgin Lion ma irin wannan harsashi ya faɗa ɗakin igwa. Wani hafsa mai suna Francis Harvey, yana kwance cikin raunin da bai tashi daga gare shi ba, ya ba da umarni a rufe rumbun albarushi a cika shi da ruwa. Ya mutu, jirgin ya tsira da jama'ar cikinsa. Ƙofa ɗaya aka rufe a kan kari.

Hukuncin waɗannan mutane yana wurin Ubangijinsu, ba shi ya kawo ni ba. Izina nake nema, kuma an umarce mu da mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance.

Ku dubi samari biyu da suka ga wannan rana. Jack Cornwell shekararsa 16, yana aikin igwa a jirgin Chester. Aka kashe na kusa da shi, shi ma ƙarfe ya shige masa ƙirji, ya ci gaba da tsayuwa a inda aka ajiye shi yana jiran umarni. Ranar 2 ga Yuni ya cika a asibiti. Henry Allingham kuwa shekararsa 19, makanike ne a wani ƙaramin jirgi mai suna Kingfisher. Ya ga harsasai suna tsalle a kan ruwa, ya koma gida lafiya. Ya yi aure, ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, bai bar duniya ba sai 18 ga Yuli, 2009, yana da shekara 113. Shi ne na ƙarshe a cikin mazan jiyan Jutland. Teku ɗaya, yini ɗaya: wannan an ƙara masa kwana biyu, wancan an ƙara masa shekara 93. Wa ya raba? Kuma wanda aka ƙara wa shekara 93 ɗin ma, ina yake yau?

Shekaru masu yawa Allingham ba ya son zancen yaƙin. Sai da tsufa ya kama shi sosai ya fara fita, ana tura shi a keken marasa lafiya zuwa makarantu da wuraren taro, yana ba yara labari don kada a manta da abokansa da ba su dawo ba. Ya ɗauki kwanakin da aka bar masa a matsayin bashi.

A nan ne maganar ta dawo kaina. Na taɓa hawa kwale-kwale mai inji a kogin Kwara, ranar kasuwa, an cika shi maƙil da mutane da buhuna. Muna tsakiyar ruwa iska ta taso, injin ya mutu. Ruwa ya fara shigowa ta gefe, wani yaro yana kwarfewa da yankakken galan, hannunsa na rawa. Wata baiwar Allah a gabana ta kwance goyonta ta rungume shi a ƙirji, ba ta ce uffan ba, leɓunanta kawai ke motsi. Ba wanda bai kira sunan Allah ba. Addu'ar Annabi Yunusa, alaihis salam, har wanda ban zata ya iya ta ba na ji yana yi da ƙarfi. Ni ma na yi alkawura a zuciyata, na ce ya Rabbi, in Ka fitar da ni, ba zan ƙara wasa da sallah ba, zan mayar da haƙƙin wane, zan je in nemi gafarar wance.

Injin ya tashi. Muka isa gaɓa. Wallahi ƙafafunmu ba su bushe ba aka fara zage-zage a kan canji. Ni kuma na shiga kasuwa, La'asar ɗin ranar sai dab da Magariba na yi ta. Har yau in na tuna sai kunyar Ubangijina ta rufe ni. Suratul Ankabut, aya ta 65, ta riga ta ba da labarinmu: idan suka hau jirgi sai su kira Allah suna masu tsarkake addini gare Shi, da Ya tserar da su zuwa tudu sai ga su suna yi maSa shirka.

Ba sai ka je Jutland ba. Motar da ta ƙwace ta tsaya a bakin rami, zazzaɓin da ya kai ka gadon asibiti har 'yan'uwa suka fara kuka a waje, haihuwar da ta zo da gardama, 'yar'uwa, har aka ce sai dai addu'a. An fito da ke, an fito da kai, wasu da kuka shiga tare ba su fito ba. Me ka faɗa wa Allah a wannan lokaci? Ka tuna kalmomin? Shi bai manta ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da aka tambaye shi wane ne mafi alherin mutane, cewa ya yi wanda rayuwarsa ta yi tsawo kuma aikinsa ya yi kyau. Da aka tambaye shi mafi sharri, ya ce wanda rayuwarsa ta yi tsawo aikinsa ya munana.

Haƙƙin da na ce zan mayar, na mayar, amma sai bayan shekara biyu. Wadda na ce zan nemi gafararta ta rasu kafin in je. Ku taya ni roƙa mata rahama, ku sa da duk Musulmin da ruwa ya ci, na kogi da na teku. Allah Ya jiƙansu, Ya yafe mana alkawuran da muka ɗauka a tsakiyar ruwa.