A Gidan Inna Mai Ba Ya Tsufa

Ɗan Boko ya tsaya a bakin kaskon Inna Mai Ƙosai a unguwar Mabera ta Sakkwato, da jarka a hannu da biro uku a aljihu, waɗanda ko ɗaya ba ya rubutu.

Ɗan Boko: Inna, barka da aiki. Tsohon man da kika gama suya da shi nake so ki riƙa tara mini, zan mayar da shi man gas.

Inna: Ɗan nan, mene ne kuma tsohon mai?

Ɗan Boko: Wanda ya yi baƙi, wanda za ki zubar.

Inna: In zubar? Ranar da na tambayi kuɗin man gyaɗa a Babbar Kasuwa, sai da na zauna aka ba ni ruwa. A gidan nan mai ba ya tsufa. Na ƙosai shi ne na awara, na awara shi ne na dankali, abin da ya rage a gindin kasko kuwa miyar kuka tana jiransa.

Duk wanda ya taɓa cin ƙosan Inna na ranar Alhamis ya ji ƙamshin kifin ranar Litinin, ya san ba ƙarya take yi ba.

Ɗan Boko: Ilimi ne, Inna. Za a tace lita 5 na mai a dafa shi har ruwan cikinsa ya fita, sannan a narka soda irin ta masu sabulu a cikin lita 1 na wani sinadari mai kama da sifirit da ake kira metanol, a zuba a man yana da zafin digiri 55, a yi ta juyawa tsawon awa guda. Idan ya kwana, wani ruwa mai kauri da ake kira gilisarin zai kwanta a ƙasa, man gas ya taso sama, sai a wanke shi da ruwa.

Inna: A wanke mai da ruwa? Kuɗin makarantar da ubanka ya biya, Allah ya mayar masa da alheri.

Ɗan Boko: Ai tun 1900, a baje kolin birnin Faris, aka nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa.

Inna: To su ba su da marayu ne a garin?

Bakanike, wanda ya zo sayen ƙosan bashi kamar kullum, ya sa baki.

Bakanike: Injiniya, digiri 55 ai ba sai ka hura wuta ba, ka bari watan Afrilu ya zo ka ajiye jarkar a kan kwanon rufi. Amma metanol guba ne, yana makantar da mutum, kuma wuta yake kamawa. Wane inji za ka zuba wa?

Ɗan Boko: Ƙaramin janaretana. Kwana huɗu ba a kawo wuta ba, fetur kuma tun da aka cire tallafi a 2023 sai dai mu gaisa daga nesa.

Bakanike: Wannan ai na fetur ne, ba ya shan gas.

Ɗan Boko: A ƙa'idar kimiyya, mai duk mai ne.

Bakanike: To ka zuba. Shagona yana buɗewa ƙarfe takwas, kuma ni ba na gyara bashi.

Inna: Ka ji mai cin bashi! Kai kuma ɗan nan, ka tare mini layi. Ƙosan nawa za a zuba maka a jarkar?