Wae Rebo ta ceto maginanta, mu namu suna ƙarewa

A yammacin tsibirin Flores, can gabashin Indonesiya, akwai wani ƙauye da ake kira Wae Rebo wanda mota ba ta shigarsa. Daga Labuan Bajo, garin da masu zuwa kallon manyan ƙadangarun Komodo ke sauka, sai mutum ya sha doguwar tafiya a mota zuwa Denge, daga nan ya kama hawan dutse da ƙafa ta cikin kurmi, awa biyu zuwa uku gwargwadon ƙarfin gwiwarsa. Ƙauyen na bisa tudun da ya haura mita 1,000 daga teku, duwatsu sun kewaye shi, gajimare na sauka har tsakar gari. Gidajen gargajiya bakwai ne a cikinsa, an jera su kamar rabin da'ira. Tun da na je na dawo Surabaya, birnin Indonesiya inda nake zaune, muke ta musu da 'yan uwa 'yan Arewa da muke tare a nan, kuma har yau ina kan bakana: abin da mutanen nan suka ceto, mu muna zubar da irinsa da hannunmu, alhali namu ya fi nasu yawa nesa ba kusa ba.

Gidan, wanda suke kira mbaru niang, jinka ce tun daga kusa da ƙasa har ƙololuwa, tsayinta ya kai wajen mita 15. An yi ta da katakon daji da gora, an ɗaure da igiyar wata kuranga, an rufe da ciyawa da baƙin zaren wata bishiya dangin kwakwa. Babu ƙusa. A ciki hawa biyar ne. Na ƙasa nan mutane ke zama, iyali shida zuwa takwas a gida ɗaya, kowa da ɗan lungunsa a jikin bango, murhu a tsakiya, hayaƙinsa na ratsa jinkar yana korar ƙwari yana ƙara mata kwana. Hawa na biyu na abinci ne da kayan yau da gobe. Na uku na iri ne, masara da shinkafa da wake. Na huɗu ajiya ce da ba a taɓawa sai shekarar da damina ta yi gardama. Na biyar, can ƙarshe, sun keɓe shi ga kakanninsu. Mutanen Manggarai ne, yawancinsu mabiya Katolika kamar akasarin mutanen Flores, amma ba su saki al'adar girmama kakanni ba, kuma baƙo ba ya yawo a gari sai dattijo ya karɓe shi a babban gida ya yi masa iso. Wannan ɓangaren nasu ne, ba shi na je koyo ba.

Hawa na uku da na huɗu su suka tsaya mini a rai. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san wannan lissafi: damin ci daban, na iri daban, sannan rumbun da maigida ba ya buɗewa sai an shiga tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya yi tsada kuma sabo bai nuna ba. Su sun ɗora lissafin a kan kawunansu, a cikin ginin da suke kwana, yadda yaro zai tashi yana ganinsa kullum.

To amma ba kyawun gidajen ne hujjata ba. Hujjata ita ce abin da ya faru a 2008. A shekarar ne wasu masu zanen gine-gine 'yan ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Yori Antar, suka hau ƙauyen suka tarar gida huɗu kawai ya rage, biyu daga ciki sun kusa kwanciya. Abin da ya fi ruɓewar katakon muni shi ne, sanin yadda ake ginin ya fara dushewa, domin an daɗe ba a tayar da sabo ba, waɗanda suka taɓa gani da idonsu kuma sun tsufa. A sauran garuruwan Manggarai irin wannan gida ya kusa ɓacewa, don hukumomi sun daɗe suna kallonsa a matsayin koma-baya da rashin tsafta, suna matsa wa mutanen kan dutse su sauko kusa da titi.

Da a ce 'yan kwangila aka kawo daga Jakarta, da an gama cikin wata biyu, an yanka zare, an ɗauki hoto. Ba haka aka yi ba. Baƙin suka nemo kuɗi, mutanen gari suka yi aikin da hannunsu. Aka kwance tsohon gida sannu a hankali, samari na kallon yadda kowane ɗauri ya zauna, tsofaffi na tuno abin da iyayensu suka yi, ɗaliban jami'a na aunawa suna rubutawa. Zuwa 2011 gidaje bakwai sun cika. A 2012 UNESCO ta ba aikin babbar lambarta ta adana kayan tarihi a yankin Asiya da Fasifik, a 2013 kuma ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Aga Khan ta gine-gine. Lambobin ba su dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yau a Wae Rebo akwai masu shekara talatin da arba'in da za su iya tayar da wannan gida daga tushe, domin hannunsu ya taɓa yi.

Yanzu mu juyo gida. Wannan kyauta ta Aga Khan da Wae Rebo ta kai ƙofarta ba ta samu ba, Bahaushe ya riga ya ci ta tun 1986. Masallacin Juma'a na Yaama, a jihar Tawa ta Nijar, shi ya ci, kuma wanda ya gina shi, Falke Barmu, maginin ƙauye ne mai noma, ba ɗan jami'a ba. An fara ginin a 1962, da ƙasa, mutanen gari na kawo ruwa da tubali da itace, kowa da abin da ya iya. Ku tambayi ɗaliban sakandare goma a Kano ko Maraɗi su waye Falke Barmu. Ni kaina sai da na bar gida na ji sunansa.

Kafin shi akwai Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ginshiƙai da bakan gizo waɗanda masana suka daɗe suna zuwa kallo. Muna da sarautar Sarkin Magina sukutum. Muna da ilimin da ya san wace ƙasa ake haƙa, kwana nawa ake barin ta ta ruɓa da ciyawa kafin a murza tubali, yadda ake jera azara a saƙa ta hawa-hawa har ta riƙe soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango ruwa ya riƙa zamewa, yadda katsi daga marina ke shiga cikin laso, shafen da ke hana ruwa ratsa gini, inda indararo zai zauna don kada ruwa ya ci gindin katanga. Wannan ya fi ɗaurin gora da ciyawa zurfi, kuma ba son kai ya sa na faɗa ba. Amma a garinmu, maginin da ya iya ɗaurin guga, wato rufin soro a kan bakan gizo, saura mutum ɗaya, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ɗaya na acaɓa a Abuja, ɗaya na buga bulo. Ranar da aka kai shi makwanci, da iliminsa za a rufe.

Abokaina na nan suna ce mini, ai kai daɗin baki ne da kai, kana zaune a ɗaki mai na'urar sanyaya iska a Surabaya kana yi wa talaka wa'azin gidan ƙasa. Suna da gaskiya a wani ɓangare, kuma ba zan kauce mata ba. Wanda ya rufa kwano ba wawa ba ne. Gidan ƙasa yana son yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, kuma yaɓe yana son hannaye, hannayen kuwa sun tafi cirani. Gayyar da a da ake kira a yi wa mutum aiki a yini guda, a ci tuwo a watse, yanzu sai da kuɗin lebura. Duk damina muna jin katanga ta faɗa wa yara suna barci. Sannan ga maganar mutunci: saurayin da ya je neman aure, in aka ce gidansu na ƙasa ne, an gama yi masa hukunci.

Sai dai a duba waɗanne gidaje ne ke faɗuwa. Yawanci ba ginin magina ba ne. Bulon ƙasa ne da aka buga cikin gaggawa, siririn bango, ba tushe, ba makuba, an dasa shi a hanyar ruwa. Wato mun bar ginin ƙasa na gaske, ba mu kai ga siminti mai kyau ba saboda tsada, muka tsaya a tsakiya da mafi munin kowanne. Sannan muka ɗora wa ƙasa laifi. Wanda kuma ya taɓa kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu, ya kuma taɓa shiga tsohon soro mai kaurin bango da tsakar rana, ba ya buƙatar injiniya ya yi masa bayani.

Ita ma Wae Rebo ba aljanna ba ce, kada wani ya ga hotunan intanet ya ruɗu. Babu makaranta a saman dutsen, don haka yara na sauka su zauna a ƙasa, yawanci a Kombo, ƙauyen da mutanen Wae Rebo ke da gidajensu na biyu, irin gidajen da kowa ya sani. Mara lafiya sai an ɗauko shi a kafaɗa. Gahawar da suke nomawa, wadda ita ce babbar hanyar kuɗinsu kafin baƙi, a ka ake saukar da ita, a hau da shinkafa da gishiri. Kuma yawon buɗe ido ya kawo nasa: akwai lokacin da za ka ji kamar mutanen gari sun zama abin kallo a gidansu, tsohuwa na shanya gahawa, mutum biyar na kanta da kyamara. Wannan bai yi mini daɗi ba, duk da ni ma ina cikin masu kallon. Amma kuɗin kwana da na abinci da baƙi ke biya suna shiga hannun gari, kuma su ne ke sa sauya jinka ya zama abin da za a iya.

Wannan hanyar ba tamu ba ce a yanzu, kowa ya sani. Ba baƙon da zai ɗauki jaka ya nufi ƙauyen Zamfara ko na Katsina don kallon zankwaye, a lokacin da masu ƙauyen kansu ke kwana a daji. Shi ya sa nake ganin masu cewa a gyara ganuwa da tsofaffin gidaje don jawo 'yan yawon buɗe ido sun kama reshe sun bar tushe. Ganuwar Kano, da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, tana zaizayewa ana gini a kanta, kuma ko an zuba mata biliyoyi yau, bayan damina biyar za ta koma yadda take in babu masu yaɓe. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ginin ƙasa ba dutse ba ne da za a kafa a tafi. Yana tsaye ne muddin akwai mai duba tsagarsa ya san abin da take nufi.

Kuma an riga an nuna mana cewa ana iyawa, a cikin ƙasar Hausa ma. A Dandaji, nan jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa na garin suka mai da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Ba wanda zai shiga wurin ya ce gidan talaka ne. Abin da ya rage shi ne a daina kallon irin wannan a matsayin abin burge Turawa.

Da ina da ta cewa a wata masarauta, ba da gidan tarihi zan fara ba. Duk lokacin da zauren hakimi ko masallacin unguwa ko soron fada ke son gyara, a ba tsohon magini aikin, da sharaɗin ya ɗauki samari, a kuma biya samarin kuɗin da ya fi na buga bulo, don ba wanda zai koyi sana'ar yunwa saboda kishin al'ada. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero su zo su tsaya a cikin taɓo su auna su rubuta, kamar yadda takwarorinsu suka yi a Flores. Masu kuɗinmu da ke gina katafaren gida a ƙauye don zuwa Sallah, ko zaure ɗaya su bari a yi musu na ƙasa, domin a wurinmu abin da mai kuɗi ya yi shi ne ado.

Akwai kuma matsalar da ko an sami maginan tana nan: azara. Daga giginya ake fasa ta, kuma sai bishiyar ta shekara da yawa kafin itacenta ya yi ƙwarin da gara ba ta ci. An sare na kusa da gari, ba a dasa wasu ba, abin da ke tsirowa kuma ana tone shi tun yana muruci a kai kasuwa. Mutanen Wae Rebo kurminsu na bayan gida, kuma suna tsaronsa. Mu a wurare da yawa sai an yi odar azara daga nesa, a farashin da ke sa maigida ya ce a kawo kwano kawai.