Hukunta ma'aikaciyar jinya ba ya ceton majinyaci

Tun da wata kotu a jihar Tennessee ta Amurka ta sami ma'aikaciyar jinya RaDonda Vaught da laifin kisa ta hanyar sakaci a watan Maris na 2022, ake ta jin masu cewa haka ya kamata a riƙa yi wa duk ma'aikaciyar jinyar da ta yi kuskure, domin saura su shiga taitayinsu. Wannan ra'ayi yana ba ni takaici, saboda masu shi ba su san yadda aiki yake gudana a ɗakunan kwanciya na asibiti ba.

Babu mai musun girman abin da ya faru. A watan Disamba na 2017 Vaught ta yi wa wata dattijuwa allurar vecuronium, mai shanye tsokoki, a maimakon Versed, maganin kwantar da hankali, kuma matar ta rasu. Amma da bakinta ta sanar da kuskuren nan take, kuma gaskiyar da ta faɗa na cikin abin da aka kafa hujja da shi har aka yanke mata ɗaurin talala na shekara 3. Darasin da takwarorinta suka ɗauka shi ne cewa wadda ta yi shiru ta fi tsira.

Shirun nan kuwa a kan majinyaci yake ƙarewa. Sabuwar nas tana aikin dare, ta duba takardar magani, ta ga adadin da aka rubuta ya yi wa yaron da ke kwance yawa. Ta ɗauki waya za ta kira likita, sai ta tuna tsawar da aka daka mata a gaban jama'a ranar da ta yi irin wannan tambaya, da yadda manyanta suka mayar da ita abin dariya wajen miƙa aiki da safe. Sai ta ajiye wayar, ta ja maganin a sirinji yadda aka rubuta.

A 1996 Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta gano cewa sassan asibiti masu shugabanci nagari sun fi yawan rahoton kurakuran magani, saboda ma'aikatansu ba sa tsoron faɗa. Rahoton binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta na 2013 kan asibitin Stafford a Ingila, inda aka bar marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa, ya nuna yadda tsoro da cin zarafin masu kai ƙorafi suka sa ɓarna ta ɗauki shekaru ba a dakatar da ita ba. Ga kuma nauyin aiki: binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100.

Masu cewa rashin hukunci zai haifar da sakaci suna magana ne kamar babu hukumomin da ke ƙwace lasisi. Abin kunya ne shugabannin asibiti su tara wa mutum ɗaya aikin mutum uku, su kau da kai daga wulaƙancin da ake yi wa ƙananan ma'aikata, sannan idan rai ya salwanta su nemi wadda ta riƙe allura ta ƙarshe su ɗora mata laifin. A ƙayyade yawan majinyatan kowace nas kamar yadda Kalifoniya ta yi tun 2004, a kare mai kai rahoto, kuma duk binciken mutuwa ya fara daga ofishin da ya tsara jadawalin aikin wannan dare.