Saniya Ba Rufin Kwano Take Nema Ba

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024, da wuya a yi taro kan kiwo a Kaduna ba a ji wani ya miƙe yana kiran a zamanantar da shi ba. Kiran ba shi da laifi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne hoton da ake nuna wa jama'a duk lokacin da aka yi shi: doguwar rumfar kwano, daɓen siminti, da shanun Turai masu baƙi da fari a jere, sai ka ce wanda bai yi gini ba bai soma kiwo ba.

Wannan hoto ya riga ya fara cin kuɗin bayin Allah. Wani tsohon abokin aikina ya zuba mafi yawan kuɗin sallamarsa wajen gina ɗakin shanu a gonarsa da ke hanyar Kachia, sannan ya sayi Bunaji 12, wato fararen shanun nan na gida, ya kulle a ciki. Na ziyarce shi da tsakar rana a watan Maris, na tarar kwanon ya ɗau zafi, shanun sun cure a kusurwa ɗaya suna haki, fitsari ya kwanta a kan siminti, harawar da ya tanada kuma ta ƙare tun cikin hunturu, babu kuɗin sayen wata. Bayan ginin akwai wani ƙaton maɗaci, kuma yaron da ke kula da su ya shaida mini cewa da zarar ya buɗe ƙofa, gindinsa suke nufa.

Bature ya gina wa saniyarsa ɗaki ne domin ƙanƙara na rufe masa ƙasa na tsawon watanni, ciyawa ta daina tsiro, sanyi ya gagari dabba. Mu kuwa, sanyin hunturunmu ba ya kashe babbar saniya mai ƙoshi, kuma Bunaji, da farin gashinta da baƙar fatarta, ta daɗe da sabawa da ranarmu da ruwan daminarmu. Gonar madarar kamfanin Arla da aka buɗe a Damau ta Ƙaramar Hukumar Kubau a 2023 tana buƙatar rumfunanta, domin shanun da aka kawo daga Turai ba sa jure zafin nan, amma babban kuskure ne a mayar da ita ma'aunin mai shanu ashirin na gida.

Abin da saniyarmu ke nema sananne ne ga kowane makiyayi: inuwa, ruwan sha a kusa, tudun da ba ya riƙe taɓo a watan Agusta, kanwa da gishiri, da kuma abincin da zai kai ta ƙarshen rani, wanda shi ne ainihin inda garke ke karyewa. Tun a shekarun 1980 masu bincike suka gwada killace 'yan kadada a yankin Kachia, a shuka ciyawar stylo mai gina jiki, a bar ta sai rani ya tsananta a riƙa sakin masu tatsa da raunana su ci. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana nan a Shika da sanin irin ciyawa. Gawo kuma, inda yake fitowa, ganyensa da 'ya'yansa a rani suke zuwa, daidai lokacin da ake nemansu. Garken da ake matsar da makwancinsa daga wannan gefen gona zuwa wancan yana barin taki a inda ake so, ba tare da an ɗauki shebur ba. 'Yan maruƙa da marar lafiya ne kaɗai ke buƙatar mafaka daga ruwa da iska, su ma rumfar ciyawa ta wadatar.

Masu cewa gini ne maganin sata sun manta cewa ɓarayin da ke zuwa da bindiga ba katangar bulo ke tsayar da su ba, haka kuma rufin kwano bai taɓa hana ƙudan tsando kawo cutar sammore ko kaska kama nono ba. Wanda kuma zai ce ina kare sakin shanu cikin gonakin mutane, ya san sarai cewa shinge daban, rufi daban, kuma shingen nake goyon baya.

In gwamnatin jiha ko ta tarayya za ta ba da rance ko tallafi, to kada ta auna makiyayi da yawan buhunan simintin da ya saya. A fara da rijiyoyin burtsatse, wayar shinge, irin ciyawa da allurar rigakafi, kuma a fara daga Ladduga, wurin kiwon da aka keɓe a yankin Kachia, inda makiyaya suka daɗe da zama wuri ɗaya suna jiran ruwa da ciyawar rani.