A ɗakin kwamiti ake rabon kasafi, ba a gaban kyamara ba

Jama'ar Bauchi da Gombe, duk shekara sai a nuna mana shugaban ƙasa ya ajiye kundin kasafi gaban majalisa, a tafa, mu kwana muna muhawara kan tiriliyoyi. Wallahi ba a ranar ake yanke makomar hanyar ƙauyenku ba.

Sashe na 81 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa shugaban ƙasa gabatar da ƙiyasin shiga da fitar kuɗi, sashe na 80 kuma ya hana taɓa asusun gwamnatin tarayya sai da sahalewar majalisa. Abin da ya kawo ƙuduri ne kawai. Za a yi masa karatu na ɗaya da na biyu, a miƙa wa kwamitin kasafi, shi kuma ya rarraba wa kwamitocin lafiya, ayyuka, noma da sauransu. Nan ministoci da shugabannin hukumomi ke zuwa kare kasafinsu, kuma nan ne ake rage wannan, a ƙara wancan, a shigo da aikin da ba ya cikin kundin tun farko. Idan rahoto ya dawo zaure, yawanci amincewa ce kawai ta rage. Dattawa 109 da wakilai 360 su daidaita kan adadi ɗaya, shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na zaman haɗin gwiwar majalisun biyu ya isa ya zama doka.

Ku dubi kasafin 2024. An gabatar da naira tiriliyan 27.5 a ƙarshen Nuwamban 2023, majalisa ta amince da tiriliyan 28.7 ranar 30 ga Disamba. Wata guda ke nan! Wane kwamiti ne zai tantance dubban ayyuka cikin wata guda? A Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya ce akwai kusan tiriliyan 3.7 da bai ga ayyukan da aka rataya musu ba. Fadar shugaban ƙasa ta musanta, majalisar dattawa ta dakatar da shi wata uku. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, maganar cushe a kasafi ba sabuwa ba ce, tun 2016 aka sha ta zamanin da Yakubu Dogara ke kakakin majalisar wakilai.

Abin da ya fi ci min rai shi ne inda ake ajiye ayyukan mazaɓu, wato ayyukan da 'yan majalisa ke sa wa yankunansu a kasafi. Sai ka ga fitilun kan titi ko rijiyar burtsatse a ƙarƙashin wata cibiyar bincike da ke wata jiha can daban, wadda ba aikinta ba ne, ba ta da injiniyan da zai zo duba aikin. Ɗan kwangila ya karɓi kuɗin somin-taɓi, ya kafa allo, shi ke nan.

Sannan amincewa daban, sakin kuɗi daban. An gina kasafin 2024 kan gangar mai miliyan 1.78 a kullum, abin da aka haƙo bai kai haka ba. Idan kuɗin shiga ya gaza, albashi da biyan bashi ake fara sallama, manyan ayyuka su jira. Shi ya sa aka yi ta tsawaita wa'adin manyan ayyukan 2024 har cikin 2025.

Bauchi na da wakilai 12, Gombe na da 6, kowace da sanatoci uku. Kafin kwamitoci su zauna ya kamata ƙungiyoyin gari su kai musu buƙata a rubuce. Bayan sa hannu kuma ofishin kasafi na tarayya yana wallafa kundin a intanet. Ku nemo aikin garinku, ku rubuta lambarsa da adadin kuɗinsa da hukumar da aka ba, sannan ku tambayi ranka ya daɗe ɗan majalisarku nawa aka saki daga ciki.