Matasa, muƙami ba kuɗin rufe baki ba ne

'Yan uwana matasa, abin da na gani a makon nan ya ƙona min rai. Wani ƙanenmu da ya yi suna wajen magana kan asibitin garinsu da babu magani, an naɗa shi mataimaki ga wani babba. Wata bai cika ba ya goge duk abin da ya rubuta a Facebook. Yanzu kullum yabo, kullum hoto a gefen maigida. Asibitin kuwa yana nan yadda yake.

Ku nemi tarihin Josiah Bartlett ku karanta. Ya fara aikin likita a garin Kingston na New Hampshire, cikin Amurka ta yau, a 1750, lokacin Ingila ce ke mulkin wurin. Gwamna John Wentworth, wakilin Sarkin Ingila, ya naɗa shi ƙaramin alƙali, ya kuma ba shi jagorancin dakarun sa-kai na yankinsu. Likita, alƙali, kwamanda, duk shi kaɗai. Wani da tuni ya ja bakinsa ya tsuke, tunda an ce in baki ya ci, ido kunya yake ji. Shi kuwa bai daina adawa da manufofin gwamnatin a majalisar dokokin New Hampshire, inda yake wakili, ba. A 1774 gidansa ya ƙone ƙurmus, aka zargi magoya bayan sarki. A 1775 gwamnan ya ƙwace muƙaman. Shekara ta zagayo, ya sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka, abin da in yaƙin neman 'yancin ya ɓaci zai iya kai shi ga rataya.

Mu fa? Ba a ƙone gidan kowa ba, ba a yi barazanar kisa ba. Katin shaida da ɗan alawus kawai, sai mutum ya manta uwarsa ma a wannan asibitin za ta kwanta. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to me ya kai ka ci? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga kuma masu zagin dattawa a intanet saboda kuɗin data, waɗannan su ma Allah ya shirye su.

Ban ce kada ku karɓi aiki ba, ku karɓa, amma ku ji tsoron Allah. Iyayenmu sun ga malaman da ke mayar da kyautar sarki don kada gobe harshensu ya yi nauyi. Yau takardar naɗi ake ɗauka hoto, ana walima, abokai na layin taya murna, babu mai tambayar me aka sayar kafin a same ta.