Tseren babur a Nima: a ba samari fili, amma kar a halatta musu titin jama'a

Da zarar Sallah ta matso sai zancen ya dawo a majalisun ataya na unguwar Nima da ke Accra, Ghana, wai tunda 'yan sandan kula da hanya na MTTD sun kasa hana samari tsere da babura da motoci a titi, ai gara gwamnati ta halatta abin kowa ya huta. Har akwai masu kawo misalin okada, suna cewa dokar L.I. 2180 ta 2012 ta hana ɗaukar fasinja a babur amma ba wanda ya daina, har shugaba Mahama ya zo ya yi alkawarin halatta shi, to me ya sa tsere ba zai samu irin wannan gatan ba?

Ni kam ban yarda ba, kuma ba don na raina ƙannen namu ba ne. Mai okada abinci yake nema, wanda ya hau bayansa kuma da yardarsa ya hau. Shi kuwa tsere a titin da mutane ke bi, wa ya nemi yardar Hajiya mai koko da ƙosai da ta kafa tebur a bakin kwalta tun asuba? Wa ya tambayi yarinyar da aka aika sayen waakye a tsallaken titi? Duk wanda ya san Nima Highway ya san babu wani gefen hanya na kirki, trotro, wato bas ɗin haya, na tsaye yana lodi, mate na rataye a ƙofa yana kiran fasinja, masu talla sun baza kaya har kan gota, sai ka ji ƙarar mashin da aka cire wa salansa, yaro ya ɗaga tayar gaba sama, silifas a ƙafarsa ba hular kwano, abokinsa na bayansa da waya yana ɗaukar bidiyon da za a sa a TikTok. Shi ya zaɓi ya sa ransa a haɗari. Sauran mutanen da ke wurin fa?

Kuma gudu ba ya jin lallashi. Doka ta ce cikin gari kar a wuce kilomita 50 a awa, ba don mugunta aka sa haka ba. Mai gudun kilomita 100 yana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ma ƙafarsa ta kai kan birki ya riga ya wuce shaguna da yawa, sannan in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin a tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Iyawa ba ta canza wannan lissafin. Ƙasar nan dama sama da mutum 2,000 muke binnewa duk shekara saboda haɗarin hanya, kuma ba mu manta da East Legon ba a Oktoban 2024, inda yaro ɗan shekara 16 ya sheƙo da mota ya yi sanadin ran yara mata biyu 'yan shekara 12.

Sai su ce ai a Turai ma ana tsere a titi. Gaskiya ne, Monako tun 1929 ake tseren motoci a cikin garin, Singafo ma tun 2008 suke yin nasu da daddare. Amma ku duba yadda ake yi mana, ana rufe hanyar ne kwata-kwata, a jera shingen ƙarfe da kankare, likitoci da motocin asibiti da 'yan kwana-kwana suna tsaye, direba da lasisin tsere, komai da inshora. Duk da haka a tsibirin Isle of Man da ake tseren babur tun 1907, sama da mahaya 250 sun mutu a kan hanyar, alhali ƙwararru ne a rufaffen titi. To ina ga yaron da bai taɓa taka ofishin ba da lasisin tuƙi na DVLA ba?

Abin da nake goyon baya shi ne a ba su wuri. Wallahi wasu yaran suna da baiwa, akwai fitas a Zango da za su warware maka inji su mayar cikin yini guda, kuma son gudu a jinin matashi ba wa'azi ɗaya ke cire shi ba. Afirka ta Kudu ta ga irin wannan da wasan juya mota da ya taso daga unguwanni irin Soweto, daga baya aka karɓe shi a matsayin wasa mai ƙa'ida, ana yi a fili mai shinge mutane su biya su kalla. Mu ma Accra ta taɓa samun filin sukuwar dawaki a tsakiyar gari, inda otal ɗin Kempinski yake yanzu. An sha rufe High Street a Jamestown saboda bikin zane-zane na Chale Wote, ana rufe tituna saboda tseren marathon, an gina filin wasanni a Borteyman domin wasannin Afirka da aka yi a 2024, to me zai hana a ware wani fili a bayan gari, ko da ranar Lahadi ɗaya a wata, da rajista da hular kwano da ambulan, a ce duk mai jin kansa ya zo nan? Asusun raya Zango da aka kafa a 2017 ai irin wannan aikin ya kamata ya duba, tare da hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA da majalisun ƙananan hukumomin Ayawaso.

Amma mu ma manya da namu laifin, kuma wannan ya fi damuna. Mu ne muke tafi ranar awure in jerin babura ya tare hanya, mu ne muke saya wa ɗan shekara 15 mashin don kar a ce ɗan Alhaji ba shi da shi, in aka kama shi kuma kafin la'asar mun cika ofishin 'yan sanda da roƙo. Ran da aka kwashi yaro zuwa Korle Bu ko asibitin 37 da karyayyen baya, uwarsa ce ke kwana a baranda tana sayar da zannuwanta don kuɗin magani, masu tafin duk sun watse.

Don haka ina roƙon sarakunan Zango da limamanmu, kafin Sallar nan su zauna da shugabannin samari da 'yan asambili, su rubuta takarda ɗaya ta neman fili, kuma su faɗa a huɗuba ƙarara cewa wanda aka kama yana tsere a cikin unguwa ba wanda zai je belinsa da sunan Zango.